Giɓi Ba Wushirya Ba Ne

Mai wushirya murmushinsa ake yabawa, mai giɓi kuwa ko dariya zai yi sai ya kare baki da hannu. Likitan haƙori yana da dabarun toshe wannan kafa, kowace da irin harajinta.

Mafi araha shi ne haƙorin roba na cirewa. Da rana yana bakinka, da dare ya kwana a kofin ruwa, shi ma ya huta. Aibinsa ɗaya, ba shi da amana a gaban kilishi: kana ja yana ja, sai ya bi nama ya bar ka a tsakiyar taron suna. Rake kam, ku yi sallama.

Na kafewa kuma sai an kankare lafiyayyun haƙora biyu na gefe a maƙala sabon a jikinsu. Wani ya gudu, maƙwabta na biyan bashi.

Dashe shi ne babban yaya. Ƙusar taitaniyom ake ɗaurawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a jira wata 3 zuwa 6 ta kama. Wannan har ganda yana taunawa, idan kuɗinsa ya bar maka na sayenta.

Alhaji, haƙorin Makka ado ne. A fara duba na tauna tukuna.