Yadda Zabi Biyu Suka Cinye Mini Tallafin Karatu

A shekarar 2023 aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya tashi, kuɗin rajistar jami'o'i ma ya bi sahu. A daidai lokacin na samu gurbi a Jami'ar Bayero, wadda sabon matsuguninta ke kan titin Gwarzo. Wato titin garinmu ne ya kai har ƙofarta: ka hau mota a tasha, ka ratsa ƙasar Kabo da Rimin Gado, ka wuce Janguza, sai ga ka. Hanya ba ta da matsala, aljihu ne ya ƙi.

Ana cikin haka abokina ya kawo labarin wata gidauniya ta ƙasar waje da ke ɗaukar nauyin ɗaliban karkara masu ƙaramin ƙarfi. Irin wannan ba baƙon abu ba ne a Kano. Ita kanta jami'ar tana da cibiyar nazarin noman tsandauri da Bankin Duniya ya tallafa wa, har ɗalibai daga ƙasashen maƙwabta ke zuwa. Na ce idan mutumin Nijar ya samu rabonsa, ɗan Gwarzo ma ba zai tashi a tutar babu ba.

Da na je cike fom, aka nemi sakamakon JAMB, da lambar NIN, da takardar haihuwa, da ta shaidar asalin ƙaramar hukuma. Ni ɗan fari ne, Inna ta je goyon ciki gidan iyayenta a Kabo, can na faɗo duniya. Takarda ɗaya ta ce Kabo, ɗaya ta ce Gwarzo. Mai shagon kwamfuta ya dube ni ya ce, "Malam, na'urar nan gari ɗaya take karɓa. Kai ɗan ina ne?" Baba ya ce ɗa na uba ne. Kawu ya ce cibiyata a bayan ɗakinsu aka binne, mai musu ya zo ya tona. Sai da mai unguwa da dagaci da hakimi suka sa hannu kafin na tabbata ɗan wani gari.

Sai gurbin da ke tambayar abin da mahaifi ke samu a shekara. Na sami Baba a zaure.

"Baba, nawa kake samu a shekara?"

"Alhamdu lillahi."

"Adadi suke so, Baba."

"Rubuta rufin asiri."

"To buhun dawa nawa muka noma bana?"

Ya dube ni sama da ƙasa. "Ka taɓa kwana da yunwa a gidan nan?"

Na koma na ƙiyasta da kaina. Da na zo bayanin halin da gida ke ciki kuwa, ban rage komai ba: katangar da damina ta kayar, rufin ɗakin da ke yoyo, fitilar da muke karatu da ita. Bayan wani lokaci saƙo ya shigo wayata, wai za a turo mai tantancewa ya ga gidan da idonsa. Na yi murna, don katangar nan kaɗai ta isa shaida. Na ce wa Inna kada a taɓa komai. Ita kuwa abu ɗaya ya shiga kunnenta: baƙo daga birni.

Kafin la'asar labari ya kai Kabo. Washegari sai ga Kawu a babur, ya ɗauro ledar ɗaki da fanka da talabijin. Gwaggo ta iso da kwanukan jeren amaryar ɗanta. Maƙwabci ya ba da aron janareta da kujeru. Samarin unguwa suka yi gayya, suka kwaɓa ƙasa, suka tayar mini da shaidata tsaf, har da yaɓe. Ina roƙo ana cewa in matsa kada in ɓata aiki. Aka yanka zabi biyu. Baba ya fito cikin shaddarsa ta Babbar Salla, ƙamshin turare har ƙofar gida.

Mai tantancewa ya iso, wani matashi mai ladabi da jaka a rataye. Ya zauna a kujerar aro, fankar aro na kaɗa masa iska da man bashi.

"Baba, yaya yanayin rayuwa?"

"Sai godiya. Ba abin da muka nema muka rasa."

Na yi tari. Baba ya ce a ba ni ruwa.

"Talabijin ɗin nan taku ce?"

Ban kai ga buɗe baki ba Kawu ya cafe: "Wannan ai ƙaramar ce."

"Idan bai samu tallafin ba, za ku iya biya masa?"

Baba ya gyara hannun riga. "Yaro, muna raye ɗana ba zai zauna a gida ba."

Bawan Allah ya rubuta, ya ci zabo, ya sake rubutawa. Da zai tafi Baba ya danƙa masa kuɗin mota, kuɗin da aka ranto da safe. Ya ce aikinsa ya hana shi karɓa, amma na ga ya ƙara layi ɗaya a takardarsa.

Kafin magariba Kawu ya kwashe arzikinmu ya mayar Kabo. Da sakamako ya fito, an ce gidanmu ba ya cikin mabuƙata. Na karanta wa Inna, ta yi shiru, can ta ce, "Amma dai ya ƙoshi ko? To ba mu ji kunya ba." Baba kuwa ya cika alkawari: ya sayar da awaki da dawa, Kawu ya cika sauran. Da aka buɗe lamunin karatu na NELFUND a 2024, tambayata ta farko ita ce ko suna zuwa gida.

Masu ba da tallafi, Allah ya saka muku da alheri, amma ku sani talaucin Bahaushe ba ya zama a zaure. Mai son ganinsa ya leƙa rumbu a watan Yuli, ko ya duba littafin bashin mai shagon unguwa. Ku kuma 'yan uwana ɗalibai, idan aka ce mai tantancewa na tafe, ku yi gum da bakinku har sai ya yi sallama.