Bangon da Ya Gaji da Fenti

Da zarar makarantun Amurka da Turai sun tashi dogon hutu, daga Yuni zuwa Agusta, filin jirgin saman Tamale yakan fara sauke wasu baƙi da ba sai an nuna maka su ba. Za ka gan su cikin anko, riguna kala ɗaya da sunan cocinsu a ƙirji, kowa da gorar ruwa da malafa, akwatuna cike da balan-balan da alawa da fensir. Mishan na sati biyu suka zo, don su taimaki yara da iyalai na arewacin Gana. Masanin zamantakewa Robert Wuthnow ya ƙiyasta cewa Amurkawa masu zuwa coci kusan miliyan 1.6 ke fita irin wannan tafiya kowace shekara, kuma Tamale, garin da ƙungiyoyin agaji suka mayar hedikwatarsu ta arewa, ba ta rasa rabonta. Ra'ayina a kan harkar guda ɗaya ne, zan kuma faɗe shi tun yanzu don mai jin haushi ya samu lokacin shiryawa: tabbas akwai wanda ake yi wa hidima a cikin sati biyun nan, kuma baƙon ne.

Mu yi lissafin kwanakin tukuna. A cire na hanya, zuwa da komawa, da kwanan Akra. A cire ranar hutun gajiya. A cire ranar gaisuwar sarki, domin a ƙasar Dagbon ba a shiga gari a hau aiki ba a durƙusa gaban masu gari ba, kuma durƙuson Dagomba sai wanda gwiwarsa ta saba. A cire Lahadi. A cire kwana biyu na zuwa gandun dajin Mole ganin giwaye, da ɗan tsayawa ɗaukar hoto a tsohon masallacin Larabanga. A cire ranar kasuwa, ta sayen batakari da man kaɗanya na tsaraba. Sannan, cikin ladabi, a cire kwanakin da tuwo zafi da miyar ayoyo da barkonon gasasshen zabo suke gama tattaunawa da cikin da bai san su ba. Abin da ya rage shi ne aikin. Su wa suka ɗauki nauyin sauran? Fasto ya ajiye garkensa ya koma ɗan rakiya. Direba ba barci, mai girki na tafasa ruwa kamar gidan mai jego, hedimasta ya dakatar da darasin lissafi ana koya wa yara waƙar maraba. Tafinta kuwa shi ne abin tausayi. Baƙo ya haddace “dasiba”, an amsa masa da “naa”, to Dagbancinsa ya ƙare nan, ya koma Turancin hanci wanda ko ɗalibin da ya fi kowa ƙoƙari a aji ba ya kama komai a ciki sai murmushi. Yaran na bin su suna kiran “siliminga”, wato Bature, su kuma suna rubutawa gida cewa ba su taɓa ganin ƙauna irin wannan ba.

Sai maganar fenti. Bangon ajin firamare shi ne aikin da ya fi dacewa da wanda bai iya komai ba kuma yana sauri, ga shi yana fitowa kyau a hoto. Matsalar ita ce lokacin hutun baƙi ya faɗa tsakiyar daminar Tamale, don haka ana shafawa ruwa na wankewa, tawagar baɗi ta zo ta tarar da bango yana neman taimako. Tamale kuwa ba ta taɓa kukan rashin mai fenti ko magini ba. Kukanta rashin aikin yi ne, wanda ke kora samari kudu, yake kai 'yan mata kasuwannin Akra da Kumasi dakon kaya. A kawo ɗalibi daga Teksas, a kashe masa dubban daloli na jirgi da biza da allurar shawara da maganin sauro, don ya yi a kwana huɗu abin da maginin unguwa zai gama kafin la'asar, wannan lissafi ko ɗan tireda ba zai sa hannu a kansa ba. Ba zato nake yi ba. Bayan guguwar Mitch ta 1998, wani malamin jami'a Kirista, Kurt Ver Beek, ya bi diddigin gidajen da aka sake ginawa a Honduras. Ya gano tawagogin mishan sun kashe kimanin dala 30,000 a kan kowane gida, alhali wata ƙungiyar Kiristocin ƙasar tana gina irinsa da dala 2,000. Wata Ba'amurkiya kuma, Pippa Biddle, ta rubuta a 2014 yadda ita da 'yan makarantarsu suka je gina ɗakin karatu a Tanzaniya, ashe da dare maginan gari ke zuwa su rushe jerin bulon da suka yi su sake shi, don kada baƙi su ji kunya da safe. Albarkar maginan nan ce ta sa rufin bai faɗo wa kowa ba, amma ba su cikin hoton.

Da a bango abin ya tsaya, da sai mu yi dariya mu wuce. Inda dariya ke yankewa shi ne gidan marayu. A 2009 binciken Hukumar Jin Daɗin Jama'a ta Gana ya nuna cewa cikin yara kusan 4,500 da ke gidajen marayun ƙasar, har kashi 90 cikin ɗari ba marayu ba ne, kuma cikin gidaje 148, takwas kacal ke da lasisi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Baƙo mai kuɗi yana son ganin maraya, to za a samo masa. Ana zuwa wajen uwa matalauciya a ce a kawo yaro zai samu abinci da makaranta, ta bayar don tana son sa, washegari ya zama maraya a takarda. Abin takaicin a Dagbon shi ne al'ada tana da hanyarta tun fil azal: riƙon ɗan dangi sananne ne, goggo takan ɗauki 'yar ɗan'uwanta ta raina. Ban ce riƙo ba shi da aibu ba, don mu ma Hausawa mun san 'yar riƙon da ke talla 'ya'yan gida na makaranta. Amma gyaran wannan shi ne a tallafa wa gidan a kuma sa ido, maimakon a kwashe yaro a kai shi inda masu rungumarsa ke canzawa duk sati biyu. Yaron da ke ruga wa kowane baƙo ya maƙale masa a wuya, wanda baƙon ke ɗauka zaƙin hali ne, masana lafiyar ƙwaƙwalwar yara sun daɗe suna cewa alama ce ta wanda bai samu mutum ɗaya tsayayye da zai jingina da shi ba. Gwamnatin Gana ta fara shirin mayar da yara cikin iyalai tun 2007. Ostareliya ta amince a 2018 cewa safarar yara zuwa gidajen marayu nau'i ne na bautar zamani, kuma a Disamban 2019 Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya yi kira ga ƙasashe su magance illar yawon sa-kai a irin waɗannan gidaje.

Za a ce mini niyyarsu kyakkyawa ce. Na yarda ɗari bisa ɗari. Yarinyar da ta yi wata shida tana wankin mota da sayar da biskit a ƙofar coci don tara kuɗin jirgi ba muguwa ba ce, ta ma fi da yawa daga cikinmu zuciya. Sai dai ladan niyya nata ne, sakamakon aikin kuma na yaron Tamale ne, kuma ba ya cin niyya. Za a kuma ce, in ba su zo ba kuɗin ma ba zai zo ba, domin mutum ya fi sakin hannu ga jikarsa mai tafiya Afirka fiye da maginin da bai taɓa gani ba. Wannan hujja tana da nauyi, kuma ita ce ta sa fastocin Tamale ke haƙuri suna murmushi a filin jirgi. Amma ku lura da abin da ta amsa da bakinta: tafiyar hanyar tara kuɗi ce, yaran kuma su ne allon talla. In haka ne, a turo mutum biyu su gani da ido su koma su ba da labari, kuɗin kujeru goma sha takwas su zama albashin malami. Hujja ta uku ita ce wadda aka fi so, wai tafiyar na canza rayuwar matafiyin, ya koma ya zama mai bayarwa har abada. Ver Beek ya auna wannan ma, ya tarar mutane na rantsuwa sun canza, amma da aka duba abin da suke bayarwa bayan sun koma, bambancin bai taka kara ya karya ba. Ko da ma ya canza, wannan ai ita ce maganata tun farko: shi aka yi wa aiki, Tamale ce ta yi masa makaranta, shi kuma ya koma da takardar shaidar taimako.

Akwai wanda zai ce duk wannan ƙyashin addini ne, don Tamale garin Musulmi ne. Tarihi bai goyi bayansa ba. Limaman Katolika sun sauka Navrongo a 1906, 'yan Assemblies of God suka zauna Yendi a 1931, asibitin Baptis na Nalerigu ya buɗe a 1958 kuma har yau Musulmi da Kirista na cika layinsa. Waɗannan sun zo sun zauna, sun koyi harshe, wasunsu a nan aka binne su. Likitan fiɗa da ya zo sati biyu ya shiga asibiti irin wannan, mai ma'aikata da za su duba majinyaci bayan ya tafi, ba ya cikin waɗanda nake wa tsiya. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter, wanda ya kasance malamin makarantar Lahadi a cocin Baptis, ya leƙa garin Savelugu a Fabrairun 2007 lokacin da kurkunu ya ɓarke, ziyara gajeriya ƙwarai. Amma a bayanta akwai aikin da cibiyarsa ta fara tun 1986, wanda 'yan sa-kai na ƙauyuka suka ɗauka gida-gida da ƙyallen tace ruwa, har aka ga mai cutar na ƙarshe a Gana a 2010. Masu sukar mishan na gajeren zango mafi zafi ma Kiristoci ne, irin su Steve Corbett da Brian Fikkert da suka fitar da littafi a kan haka a 2009. Kuma kada mu Musulmi mu yi saurin gyara zama, domin mai raba shinkafar azumi da ke jera almajirai a rana sai mai kyamara ya iso, ɗan'uwan mai fentin nan ne uwa ɗaya uba ɗaya. Abu guda dai zan ƙara a wannan ɓangare: wanda zai tara yaran Musulmi da alawa ya koya musu darasin Littafi Mai Tsarki, ya fara neman izinin iyayensu, kamar yadda zai so a nemi nasa in malami daga Zongo ya je unguwarsu da dabino da allo.

Saboda haka ban ce kada su zo ba. Baƙo raɓa ne, kuma Tamale ta iya karɓar baƙi tun zamanin da fataken Hausa ke ratsa ƙasar Dagomba zuwa Salaga neman goro. Su zo da sunan ziyara, su gaida sarki, su ga bikin Damba in sun dace, su zauna su saurari malamai da ungozomai da fastocin da za su kwana a garin bayan jirgi ya tashi, su biya kuɗin masauki da na tafinta da kyau. Ku kuma masu masaukinsu, fastoci da hedimastoci, in wasiƙa ta zo ana tambayar me kuke buƙata, ku daina jin nauyi, ku rubuta gaskiya: kuɗin makarantar yaron da ke gidan goggonsa, gyaran burtsatsen da ya lalace, ladan maginin unguwa. Duk baƙon da ya dage sai an ba shi yara ya riƙe, ku nemi takardar shaidar 'yan sandan ƙasarsu, domin a can ma sai ya nuna ta kafin a bar shi ya shiga ajin yara.