Zoɓo mai digiri

Masu haɗa zoɓo da kunun aya a gidajen Mpape sun rabu biyu: masu zuwa kasuwa da masu latsa waya.

Masu waya sun ce su sun waye. Zoɓon nasu ma a Jigawa aka noma shi, kamar na kowa. Sai dai shi ya fara leƙa Legas, aka ɗura shi a leda mai sheƙi, aka raɗa masa sunan Turanci, aka auna shi da giram. Ya dawo da digiri, kuɗinsa ya ninka. Ba a ga laifinsa ba, 'yan uwansa har Meziko suke zuwa.

Rigimar tana wajen isowa. Mai babur zai bugo: "Hajiya, mece ce lambar gidan?" Lamba, a Mpape? "Ɗan nan, ka wuce Crushed Rock, ka hau tudu, in ka ga mai faci ka tambaye shi." Kafin ya ɓulle daga ƙurar tifofin dutse, 'yan suna sun sha ruwan leda sun watse.

A kasuwa kuwa, mai kayan ƙamshi zai cika miki mudu har ya yi tozo. Ki shinshina citta, ki tauna aya, ki ɓare dabino ki leƙa cikinsa. Ki ce kanumfarin nan ya kwana biyu, ya rantse jiya aka sauke shi. Ki juya kamar za ki tafi, ya ce, "Haba uwar ɗakina, kawo kuɗin."

Wata maƙwabciyarmu ta nemi gyara a intanet. Aka turo mata hoton fure da godiya.