A Gaishe da Masu Sayar da Kogi

Ranku ya daɗe, masu jiragen shaƙatawa na kogunan Turai, ku da kuke alkawarin ɗaukar mutum daga Amsterdam ku sauke shi a Budapest cikin kwana 15 yana kishingiɗe a kan ruwa. Yabon gwani ya zama dole. Kun ɗauki kogin da ba ku kuka haƙa ba, wanda ba ku da ikon ƙara masa ko ɗigo ɗaya, kuka yanka shi ɗaki-ɗaki, kuka sa masa farashi, kuka karɓi kuɗinsa cif watanni uku ko huɗu kafin ranar tafiya, wani lokacin ma shekara guda. Cinikin biri a sama tsohon abu ne a duniya, amma ku ne kuka yi masa ofis da tambari da takardar talla mai sheƙi. Sannunku da ƙoƙari.

Ita kanta takardar tallan abin a jinjina mata ce. Ga dattijo da uwargidansa zaune bakin taga mai faɗin bango, ga gonakin inabi suna wucewa a hankali, ga tsohuwar fada a kan dutse. A ƙasa kuma ga alkawarin da ya fi kowane jan hankali: sau ɗaya za ka buɗe akwatinka, ɗakinka ne zai riƙa binka daga gari zuwa gari. Kun san sarai wanda wannan magana take wa daɗi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana aiki ya karɓi garatutinsa, matar da gwiwa ta hana ta hawa da sauka, ma'auratan da suka daɗe suna cewa wata rana za mu je, har ranar ta zo ƙarfi ya ja baya. Waɗannan ne suka guji yawon mota da gangan, suka biya dalolin da suka kai dubbai a kan kowane mutum don kada a jijjiga musu ƙashi. Zaɓen abokin ciniki irin wannan sai mai ido.

To, ga yadda kogin yake. A kan Rhine akwai wani ɗan gari, Kaub, tsakanin Bingen da Koblenz, a cikin kwarin da UNESCO ta sa a jerin wuraren tarihi na duniya a 2002. A kwarin nan ne dutsen Loreley yake, nan ne fadoji kusan 40 suke jere cikin tazarar kilomita 65, kuma hoton wurin ne kuke bugawa a bangon takardunku. Nan ne kuma inda hanyar jirgi ta fi ƙarancin zurfi. A watan Oktoba na 2018 ma'aunin ruwa na Kaub ya sauka zuwa santimita 25, a watan Agusta na 2022 ya koma wajen 30. Lambar ba ita ce zurfin kogin gaba ɗaya ba, amma duk matuƙi ya san idan ta faɗi haka jirgi mai tsawon mita 135 da fasinja kusan 190 ba shi da hanya. Danube ma haka. A Budapest ruwa ya sauka zuwa santimita 33 a Oktoban 2018, ƙasa da abin da aka taɓa aunawa, kuma tsakanin Straubing da Vilshofen a Jamus akwai kimanin kilomita 70 da babu madatsar da ke riƙe ruwa, wurin da ke fara toshewa duk lokacin da rani ya yi tsanani. A 2022 ruwa ya janye har gawawwakin jiragen yaƙin Jamus da aka nutsar a yaƙin duniya na biyu suka leƙo kusa da Prahovo a Sabiya. A kogin Elbe kuwa duwatsun da mutanen dā suka sassaƙa wa shekarun fari da yunwa sun sake bayyana a Děčín.

Idan ruwa ya yi yawa ma tafiya ta tsaya. A watan Yuni na 2013 Danube ya kai mita 12.89 a Passau, abin da garin bai gani ba tun 1501. Ko bai kai haka ba, da zarar ruwa ya ɗago jirgi mai hawa uku ba ya shiga ƙarƙashin gadojin kogin Main da na mashigar da aka haƙa ta haɗa shi da Danube a 1992, ko da an sauke rumfa an dusar da ɗakin matuƙi. Duk wannan kun san shi fiye da kowa. Hukumar hanyoyin ruwa ta Jamus tana wallafa awon kogunan kullum a intanet, kyauta, kuma matuƙanku da shi suke karya kumallo. Abin burgewa shi ne kawaicinku. Tsoho yana Sydney yana ninke rigunansa, kuna da labarin cewa jirginsa yana ɗaure a wani gari ya kasa motsi, amma tausayi ya hana ku tayar masa da hankali. Sai ya yi sa'o'i ashirin a sama, ya sauka, ya miƙa fasfo, sannan a sa masa wasiƙa a hannu cikin ladabi. Wani kuma saƙon yakan same shi ana saura kwana biyu, bayan tikitin jirgin sama ya zama wanda ba a mayarwa.

A cikin wasiƙar nan gwanintarku ta fi fitowa. Kalmar sokewa tana da tsada, domin dokar Tarayyar Turai ta 2015 kan tafiye-tafiyen da aka sayar a dunƙule, wadda ta fara aiki a watan Yuli na 2018, ta ce wanda ya soke tafiya ya mayar da kuɗin mutane cikin kwana 14. Don haka tafiya ba ta sokuwa a wurinku sai dole ta yi dole. Ana dai yi mata ɗan gyara. Jirgi ɗaya ya tsaya a wannan gefen tudun yashi, ɗan'uwansa ya tsaya a wancan gefen, a kwashe fasinjan nan a kai can, a kwaso na can a kawo nan. Duk wanda direba ya taɓa yi masa juye a tsakiyar hanya, aka sauke masa kaya a bakin titi aka cusa shi a wata mota, ya san abin. Bambancin kawai naku ana yinsa da murmushi da kofin shayi. Mutumin da aka ce sau ɗaya zai buɗe akwati sai ya haɗa shi sau uku. Idan juyen ma bai yiwu ba, jirgi ya zama otal a ɗaure a wata tashar lodin kaya, a tashi mutane da asuba, a zuba su a safa, sa'a uku zuwa, sa'a uku dawowa, su ga Rhine ta gilashin mota daga kan babban titi. Amma ai an kai su garuruwan da aka lissafa, ko ba haka ba? Alkawari ya cika.

Sharuɗɗanku kuwa ya kamata a riƙa koyar da su a makarantun lauyoyi. Kamfani yana da damar canza jirgi, canza hanya, canza tasha, maye gurbin ruwa da mota, maye gurbin ɗaki da otal, duk ba tare da an ce ya saɓa ba. Fasinja kuma idan likita ya kwantar da matarsa ana saura mako biyu, kuɗinsa ya tafi duka, sai dai in ya sayi inshora, wadda ku ɗin dai kuke tallata masa. Kogi idan ya yi gardama ƙaddara ce, jikin tsoho idan ya yi gardama laifinsa ne. An raba adalci daidai wa daida.

Wani mutumin Ostireliya ne ya so ya ɓata muku wannan tsari. Ya biya wa kansa da matarsa tafiyar Amsterdam zuwa Budapest a kamfanin Scenic Tours shekara guda kafin lokaci, da kuɗin da ya ce su ne ajiyar rayuwarsa. An taɓa yi masa aiki a ƙashin baya, zaman wuri mai matsi yana wahalar da shi, shi ya sa ya zaɓi ruwa. Tafiyar ta faɗo cikin ambaliyar Yunin 2013. A cikin kwana 10 da aka tsara jirgi zai yi yana tafiya, kwana 3 kawai ya samu. Sauran ya yi su ne a mota, aka kuma canza masa jirgi aƙalla sau biyu. Ya shigar da ƙara a madadin fasinjoji kusan 1,500 na tafiye-tafiye 13. Kotun farko ta ba shi dalar Ostireliya 10,990, da ƙarin 2,000 na ɓacin rai da takaici. A nan kamfanin ya nuna jarumta. Lauyoyinsa suka ce takaici ai rauni ne irin na jiki, kuma dokar jihar New South Wales ba ta biyan irin wannan sai ya kai kashi 15 cikin ɗari na mafi munin rauni. Wato sai dai a ɗora baƙin cikin dattijo a kan sikeli a gwada shi da na wanda ya shanye. Aka yi ta jan magana har Babbar Kotun Ostireliya, wadda a watan Afrilu na 2020 ta ce ba haka ba ne: wanda ya sayi hutu da kwanciyar hankali aka hana shi, yana da haƙƙin diyya. Kusan shekara bakwai ke nan daga ranar da ya hau safar farko. Juriya irin wannan, a gaban abokan hamayya da yawancinsu tsofaffi ne masu ƙirga sauran kwanakinsu, ba kowane kamfani ke da ita ba.

Shekarar korona ta zo muku da wata dabarar. Jirage suka tsaya, kuɗin mutane yana hannu, sai aka fito da takardar alkawarin wata tafiya nan gaba. Ba ku kaɗai kuka yi ba, kamfanonin yawon buɗe ido da dama sun yi, har gwamnatin Faransa ta halatta a riƙe kuɗin mutum wata 18 da irin wannan takarda. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi, don haka mutane suka karɓa. Kotun Tarayyar Turai ta ce a watan Yuni na 2023 mayar da kuɗi yana nufin kuɗi, amma kafin nan an riga an ci moriyar bashin da ba ruwa, ba jingina, ba ma a tambayi mai shi ba. Me ya fi kyau a ba ɗan shekara 80 irin alkawarin baɗi?

Wasu daga cikinku ma sun kai ƙarshen fasahar. Crystal Cruises, mai jiragen teku da na kogi, ya rushe a farkon 2022 bayan uwar kamfanin, Genting Hong Kong, ta karye. Vantage na birnin Boston ya yi ta ɗage tafiye-tafiye yana ba da uzuri, har ya kai kansa kotun karayar arziki a watan Yuni na 2023 da bashin abokan ciniki sama da dala miliyan 100 a wuyansa. Abin da aka miƙa wa mutanen shi ne wata takardar alkawari daga kamfanin da ya sayi ragowar, wadda ba ta amfani sai mutum ya sake zuba sabon kuɗi. American Queen Voyages na kogin Mississippi ya rufe a watan Fabrairu na 2024. A duk waɗannan, akwai mutanen da suka biya lakadan suna murna, saboda an yi musu ragi idan sun biya da wuri.

Ina tausayin ma'aikatan jiragen nan ƙwarai, yaran Romaniya da Bulgeriya da Sabiya da Hangari da ke ɗaukar akwatuna ɗari biyu daga jirgi zuwa mota cikin zafin Agusta, da jami'ar da ke tsayawa gaban taron fusatattun mutane tana ba da haƙuri a kan shawarar da aka yanke a ofishin da ba ta taɓa shiga ba. Su ke shan zagi, su ne kuma ɗan ihsanin da fasinja ke bayarwa yake raguwa a hannunsu idan rai ya ɓaci. Wanda ya tsara farashi bai taɓa haɗa ido da matar da ta yi kuka a tashar lodin kaya ba. Wannan ma tsari ne mai kyau, shugaba ai ba ya shiga rana.

Dokar Turai ta yafe diyya idan abin da ya faru ya fi ƙarfin kowa kuma ba a saba ganinsa ba, kuma kun riƙe wannan sassauci hannu bibbiyu. Rhine ya yi ƙasa a 2003, ya yi a 2011, ya yi a 2015, ya yi a 2018, ya yi a 2022, kowane karo kuma kuna cike da mamaki kamar yau aka fara. Ƙanƙarar tsaunukan Suwizalan, wadda narkewarta ke tallafa wa kogin da rani, ta rasa kashi 10 cikin ɗari na girmanta a 2022 da 2023 kaɗai. Kamfanin sinadarai na BASF da ke Ludwigshafen ya yi asarar kusan Yuro miliyan 250 a ƙarancin ruwan 2018, bai tsaya mamaki ba, ya sa aka ƙera masa jirgi na musamman mai iya wuce Kaub da kaya ko ruwa ya ja baya. Su asarar a aljihunsu take faɗawa. Ku kuwa Allah ya hore muku masu ɗaukar muku ita, suna ma godiya idan an ba su ragin kashi kaɗan a tafiya ta gaba.

Za ku ce yawancin tafiye-tafiye suna ƙarewa lafiya, kuma gaskiya ne, akwai ma kamfanonin da suka soke suka mayar da kuɗi ba gardama. To, tunda haka ne, kowane ɗayanku yana da lissafin a kwamfutarsa: cikin jiragen da suka tashi daga Amsterdam a watan Agusta da Satumba da Oktoba na shekaru goma da suka wuce, nawa ne suka isa Budapest da fasinjan da suka ɗauko, a jirgin da suka shiga, ba tare da an hau safa ba. Layi ɗaya ne, zai shiga ƙarƙashin hoton Loreley ba tare da ya rufe gonar inabi ko ɗaya ba, kuma tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta karanta ta zaɓi watan da za ta tafi ko ta fasa. Kun buga mata faɗin gado da sunan mai dafa abinci da adadin tawul, kuka bar wannan layin a aljihu don kada ku cika ta da lissafi. Allah ya ƙara kasuwa.