Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Bututun Ruwan Ƙofar Kuyambana

Malam Bututu,

Da fatan tsatsa ta yi maka sauƙi. Na rubuto ne a madadin masu tashi da asuba su murɗa famfo, ya yi musu tari sau biyu ya yi shiru.

An ce ruwan Zariya daga kogin Galma yake, kuma sabuwar matatar ruwa an gina ta ne don ta tace lita miliyan 150 kullum. To, ina yake maƙalewa? Na tambayi mai gyaran famfon unguwarmu, bai ɓoye ba, ya ce a cikinka ne. Wai kai sarkin ƙofa ne: duk takun da ruwa zai yi sai ya gogi jikinka, ka karɓi haraji daga ƙarfinsa. In tsawonka ya ninka, harajin ya ninka. Na kusa da matata su sha su yi wanka, mu na can ƙurya sai ragowa. Ga lungunan cikin birni, kowace kwana da ka sha sai ka sake yankar naka kason.

Tsawo dai ba laifinka ba ne, haka Allah ya shimfiɗa garin. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ramarka. Tun wajen 1840 wani likita Bafaranshe mai suna Poiseuille, yana neman gane yadda jini ke gudu a jiki, ya gano cewa a siririn bututu in aka rage faɗi da rabi, ruwan da zai wuce kashi ɗaya ne cikin 16. A irinku da ruwa ke gudu da hargitsi abin bai kai haka ba, amma duk da haka mai inci ɗaya yakan ninka mai rabin inci wajen sau 6. Kai kuwa rabin incin ne ka shigo gidajenmu, tsatsa kuma ta cinye rabin rabin. Haba Malam!

Ban ce mu ba mu da namu ba. Wannan ya huda ka ya ja reshe, wancan ya ɗaura maka inji yana zuƙe na maƙwabta, ga yoyon da kake yi a kwata ba mai kulawa. Wasunmu har rami suka haƙa suka sauka gare ka da bokiti, don ruwan ya daina iya hawa kan famfo. 'Yan ga-ruwa kaɗai ke sa maka albarka.

Ba ni da ikon matso da Galma bakin ganuwa. Roƙona shi ne, ranar da masu aikin ruwa suka zo tono ka, kada ka yi musu kara. Ka nuna musu cikinka, ka ce a sauya ka da mai faɗi, a rage kwane-kwanen, a toshe hudojin.

Naka mai jiran ruwa,
Wani mazaunin Ƙofar Kuyambana