Iskar Taya da Ma'aunin Yatsa

A tseren Formula 1, injiniya ne da kwamfuta ke auna iskar taya, don ɗan ƙari ko ragi kaɗan yana sauya yadda mota ke shan kwana. A hanyar Gaya zuwa Wudil kuwa, babban yatsan mai faci ne ke yanke hukunci. Ya danna, ya ƙwanƙwasa da sifana, ya karkata kunne, ya ce, "Ta ƙoshi, Alhaji."

Kamfani ya manna takarda a jikin ƙofar direba, yawanci 30 zuwa 35 ta ce, kuma a auna taya tana sanyi. Direban Golf mai lodin Ajingi bai yarda da ita ba. Wanda ya rubuta, in ji shi, bai taɓa ɗaukar fasinja tara da buhunan gero ranar Juma'ar kasuwar Wudil ba. "Kai ta 50, maigida!"

Iska ta yi yawa, tsakiyar taya kaɗai ke taɓa kwalta, mota na tsalle kamar ɗan akuya, birki na jinkiri. Ta yi kaɗan, gefe ya cinye, sitiyari ya yi nauyi, taya ta yi zafi, mai ya ƙone.

Sai batun "sabuwa". A gefen kowace taya akwai lamba huɗu: 2319 na nufin mako na 23, shekarar 2019. Hukumar kiyaye haɗurra ta ce shekara huɗu ce iyaka. Nuna wa mai shago lambar, ya goge tayar da tsumma, ya ce, "Ai a Turai ta tsufa, nan yau ta sauka."