Mutanen da Ƙusa Ke Tona wa Asiri a Hanyar Damagaram

Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar kilomita wajen 240 ce: a bi ta Dambatta, Kazaure da Daura, a tsallaka iyaka a Kongwalam, a ratsa Matamaye. Mai mota ba ya ɗaukar ta a bakin komai. Amma ga ɗan cirani da ya ɗaure buhun shinkafa da kayan Sallar yara a bayan babur ɗinsa Boxer ko Jincheng, ya kuma ɗora ƙaninsa a kan buhun, tafiya ce ta kusan wuni, kuma rabonsa duka yana hannun tayar baya.

Tayar da ta fashe lokaci guda ba ta da labari, kowa tsayawa yake yi ko ya so ko ya ƙi. Wadda ke sacewa a hankali ita ce ke ba mutum sararin nuna halinsa. Yawancin baburan nan masu sifok tif ne a cikinsu, kuma ƙofofin zubar iska ba su da yawa: ƙusa ko ƙayar aduwa, bawul da ya saki, tsohon faci da zafi ya ɗaga, ko kan sifok da ya cinye robar da ke lulluɓe da rim ya soma sukar tif. Tayar baya ta fi shan wuya, domin ta gaba ce ke tayar da ƙusar da ke kwance, ta bayan ta same ta a tsaye.

Na farko a jerin shi ne Malam Za-ta-kai. Tun daga Dambatta babur ya fara rangaji, shi kuwa ya ce iskar hanya ce. A Kazaure wani mai sayar da rake ya nuna masa tayar da baki, ya amsa da "Na gani, za ta kai." Bai faɗi inda za ta kai ba, kuma gara da bai faɗa ba. Taya mara iska gefenta lanƙwashewa yake yi yana ɗaukar zafi, sannan ta rinƙa zamewa a kan rim tana jan tif, har bawul ya tsinke daga tushe. Wannan tsinkewar ba ta faci. Abin da ɗan ƙaramin faci zai gyara a inuwar darbejiya sai ya koma sabon tif, wani lokaci har da rim da ya lotse, a dajin da ko mai ruwan leda babu.

Ƙaninsa a hali shi ne mai ƙari. Shi ya yarda tayar na zuba, kwance ta ne bai yarda da shi ba. Duk garin da ya shiga sai ya tsaya: "Oga, ɗan taɓa min ita." Kafin ya isa Daura ya san masu faci shida da fuska, ya biya kuɗin iskar da ya haura na faci sau biyu, ƙusar kuma tana nan zaune lafiya.

Akwai mai son tauri. Littafin da kamfani ke haɗo irin waɗannan babura da shi, wanda galibi yara ke yayyagawa tun ranar da aka wanke babur, yana faɗin iska wajen 25 a gaba, 30 ko kusa da haka a baya. Wannan bawan Allah bai san geji ba, babban yatsa da ƙwallo da ƙafa su ne ma'auninsa. "Ƙara mata, Malam. Ƙara dai." A lissafinsa idan ya dura 50, kafin ta zube ya isa gida. Ya manta cewa a watan Afrilu zafin yankin nan kan wuce digiri 40, kwalta ta fi haka, kuma duk ƙarin digiri 10 yana ƙara wa iskar taya kusan 2. Tsohon facin da ke lallaɓawa sai ya sallama gaba ɗaya.

Wanda ya fi ban tausayi shi ne mai cikakken shiri. Yana da jakar kayan aiki da yake alfahari da ita, kuma yana kallon masu faci a matsayin 'yan damfara. Sai ya kafe babur, ya shimfiɗa tsumma, ya jera sifana kamar mai shirin tiyata. A nan ake gano cewa sholishon ya bushe tun bara, famfon kuma yana wurin maƙwabci. In ma komai ya cika, ba shi da liba, sai ya ɓamɓare tayar da sukudireba. Ya gano hujin, ya goge, ya shafa sholisho, ya manna faci nan take ba tare da ya jira ya sha iska ba. Wajen mayar da taya bakin sukudireban ya tsunkuli tif a wuri biyu. Ya shiga da huji ɗaya ya fito da uku, gyaran gangar Auzinawa sosai. Mataki guda da ya fi kowanne muhimmanci, wato zura hannu a shafa cikin taya a hankali don cire abin da ya yi hujin, shi ne bai taɓa zuwa masa a rai ba.

Kafin ya gama, injiniyoyin bakin hanya sun taru. Ba a san daga ina suke fitowa ba. Ɗaya ya ce bawul ne, ɗaya ya ce sifok ne, wani dattijo ya ce duk laifin kayan zamani ne, a da taya ɗaya sai ta aurar da 'ya'ya. Cikinsu akan sami mai gaskiya: yaron da zai tofa yawu a bakin bawul, ya jira ya ga ko zai yi kumfa. Gwajin nan kyauta ne, kuma sau da yawa ɗan juya ƙwayar bawul ɗin ya wadatar. Ba a cika sauraron sa ba, saboda yaro ne.

Fasinja kuwa nasa ihu bayan hari ne. "Yaya, ai ni tun Kazaure na ji ta." Bai ce komai ba a Kazaure. Yanzu yana gindin bishiya yana cin gyaɗa.

Sai mai zargi, wanda ba ya yarda ƙusa na iya faɗowa daga amalanke ko motar katako haka kawai. Ko dai mai facin da ke gaba ne ya watsa ta, ko kuma ɗan'uban da bai so a ga an zo Sallah da sabon babur ba. Zai yi rabin sa'a yana lissafa maƙiya, tayarsa kuwa ta suɗe har zare ya leƙo. Da zai duƙa ya duba gefenta, akwai lambobi huɗu a jere: biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara, wato 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana faɗakarwa a kan tayoyin da suka tsufa da kuma na kwatano. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ta bi baya a Legas a 2008, kasuwar taya ta koma kayan waje, mai kyau da gauraye, kuma mai zargi kullum mafi arha yake zaɓa. Tif ɗinsa ma idan aka zaro shi, facin da ke jiki ya fi asalin robar yawa.

A daji, inda babu kowa, ana samun mai dabara. Yakan cusa ciyawa da tsummoki a cikin taya har ta ɗan tashi, ya lallaɓa a giya ta ɗaya zuwa ƙauye na gaba. Ba a raina shi ba, domin yana isa. Matsalar ita ce wanda dabarar ta yi wa daɗi ya ce bari ya ƙarasa Damagaram a haka.

Shi kansa mai faci iri-iri ne. Akwai gwani, wanda zai nutsa tif a bahon ruwa, ya bi shi zagaye guda ko da ya ga kumfa tun farko, ya yi facin wuta, ya shafa cikin taya, sannan ya ɗora ƙusar a tafin hannun mai babur ba tare da ya ce uffan ba. Akwai kuma yaron shago da zai ce "Maigida ya je masallaci," injin iska babu mai, kuma kuɗin man daga aljihun baƙo zai fito. Bayan Kongwalam ciniki ya koma sefa, ana ƙirgawa da dala, sai mutumin Kano ya ji an ce dala ɗari ya yi murna, bai san sefa 500 ake nufi ba.

A cikin duk waɗannan, wanda ya fi saurin isa gida shi ne wanda ya tsaya tun jin rangajin farko ya ba da minti talatin. Mai niyyar wannan hanya ya sayi sabon tif daidai lambar tayarsa, da liba biyu da ɗan famfon hannu tun a Kano, ya kuma fita da sassafe, don bayan Magariba yawancin masu faci sun tattara kayansu.